Biyar ɗin da Na Faɗa wa Masu Kwata

Ba zan ba da labarin yadda muka fito daga garinmu ba. Wanda ya fito ya sani, wanda bai fito ba ya ji a rediyo. Abin da mai karatu yake bukata kawai shi ne, mu biyar ne a gidanmu can bayan Mubi, amma mu uku muka iso Yola: ni, da 'yata Hajara mai shekara shida a lokacin, da Inna, mahaifiyar maigidana. Shi maigidan da babban ɗanmu sun tsaya rufe shago, suka ce mu yi gaba, za su tarar da mu a tasha. Daga ranar ban haɗu da wanda ya gan su da rai ba, ban kuma haɗu da wanda ya ga gawarsu ba.

Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka zan faɗi abin yadda ya zo, zango bayan zango.

Malkohi

A sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi aka sauke mu. Filin ya cika da mutane masu harsuna iri-iri, Hausa ce kawai take haɗa mu, ita ma kowa da irin tasa. Kwana biyu da zuwanmu na ji an kira ni daga layin ruwa. Talatu ce, maƙwabciyata ta gida, wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara tara. Ita ma da 'ya'yanta uku ta iso, babu mijinta Malam Idi tela. Muka haɗa tabarma, muka haɗa tukunya. Idan ta yi kuka ni nake ba ta haƙuri, idan na yi ita take ba ni. Ban taɓa samun 'yar'uwa kamar Talatu ta wancan lokacin ba, domin ciwonmu iri ɗaya ne, babu wadda ta fi wata.

A sansanin na koyi amsa wata tambaya. Kusan kowane mako wasu za su zo da takarda da biro, su tsaya a kanka su ce, ku nawa ne? Shinkafa da bargo da sabulu duk a kan kai ake rabawa. Ran farko na ce uku. Wata dattijuwa da ke bayana a layi ta ja mini mayafi, ta tambaye ni mu nawa ne a gida. Na ce biyar, biyu suna hanya. Ta ce, "To in sun iso gobe me za su ci? Bargon wa za su rufa?" Daga ranar biyar nake cewa. Akwai masu cewa goma alhali su huɗu ne, ni ban taɓa ƙara ko ɗaya a kan nawa ba. A wurina ba ƙarya nake yi ba, gurbinsu nake riƙe musu.

Wani mutum ya zo mana da jaka da kati rataye a wuya, ya ce aikinsa nemo waɗanda suka ɓata, har cikin Kamaru yana da mutane. Sai an cika fom, an biya kuɗin fom, an ba da hoto. Na sayar da 'yan kunnena. Hoton maigidana guda ɗaya na fito da shi, ɗan ƙarami, yana cikin lalitata. Na ba shi. Ya ce mako biyu. Mata da yawa muka ba shi, babu wadda ta sake ganin ƙeyarsa. Kuɗin ban damu da su ba.

Wata goma sha bakwai muna can, wata rana bayan azahar muna tsintar wake ni da Talatu, sai wani mutum ya tsaya a gabanmu. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa kamar zai tsinke, rigar jikinsa ta mata ce da wani ya ba shi a hanya. Ni na fara gane shi, Malam Idi ne. Talatu sai da ya yi magana. Faifan ya kife, waken ya watse, mata suka taru ana guɗa ana cewa Allah mai iko. Ni kuwa na miƙe ina kallon hanyar da ya biyo. Na daɗe ina kallo. Babu kowa a bayansa.

Inna ta tambaye shi labarin ɗanta da jikanta. Ya durƙusa ya ce tun ranar farko aka raba su, bai san inda aka yi da su ba. Na yi wa Talatu barka, bakina ya faɗi duk abin da ya kamata. Da yamma ta naɗe tabarmarta ta koma inda aka ba su, ni na tsince waken daga cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya na dafa mana. A ranar wani abu ya shiga zuciyata game da Talatu, wanda na yi shekaru ban kira shi da sunansa ba. Hassada ce. Na san hukuncinta, na yi istigfari ba adadi, amma ba ta fita ba.

Damare

Da sansanin ya fara watsewa muka haye gada zuwa ɓangaren Girei, muka sauka a Damare don ƙwadagon gona. Wata tsohuwar Bafulatana da kowa ke kira Dada ta ga Inna zaune a gindin bishiya da ƙullin kayanmu. Ta yi mata maraba da Fulatanci, ta sa aka fitar da buhunan masara daga wani ɗaki ta ba mu. Shekara biyu ba ta karɓi ko sisi ba. Hausarta kaɗan ce, Fulatancin Inna babu, amma kullum da hantsi za ka gan su zaune, ƙwaryar nono a tsakaninsu, kowacce tana hira da nata harshen.

Cirar gyaɗa da roron wake ba su riƙe mu ba, sai na fara karɓar wanki daga ɗalibai da matan ma'aikata. Akwai masu kirki. Akwai kuma wadda na yi wa wankin wata guda, labule da barguna har da kayan jarirai, ranar biya ta miƙo mini tsofaffin zannuwa biyu ta ce ai ku 'yan gudun hijira sutura kuka fi bukata. Na karɓa na yi godiya. A hanya na tuna rijiyarmu ta gida, da gwaibar da maigidana ya shuka daidai inda ruwan wankina yake gangarawa, yana yi mini tsiya wai ni ce mai ban ruwa, shi ne mai shan 'ya'yan. Sai da na zauna a bakin hanya.

Su Talatu kuwa an ba Malam Idi keken ɗinki cikin kayan tallafi, suka koma Jimeta. Takan zo mana da tuwo a kwano da ɗan sabulu. Ta yi ƙiba, hannunta da lalle, daga baya ciki ya fito. Idan ta zauna sai ta fara ƙorafi: Malam Idi ya cika maƙo a cefane, Malam Idi ba ya cin ɗumame, jiya sun yi faɗa a kan gishiri. Ina murmushi ina cewa ta yi haƙuri. A raina kuwa, ko faɗan gishirin nan aka ce za a sayar mini, da na yi wankin shekara na saya. Ranar sunan jaririnta na aika cewa Inna ba ta da lafiya. Lafiyar Inna ƙalau.

Jimeta

Wanki ya fi tafiya a Jimeta, kuma Hajara tana bukatar makaranta. Talatu ce ta samo mana wuri ta wajen Jambutu, wani ɗan sashe a gefen gidan hayar Alhaji Sanda, ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu, ƙofarsa daban, rariyarsa daban. Gida uku ne tsakaninmu da nasu, domin sun sayi rabin fili sun rufa kwano. Na karɓa don ba ni da wani, na kuma ji zafin cewa ta hannunta abin ya zo.

A nan na zauna shekaru, a nan nake har yau. Masu kura suna kawo mini ruwa tun safe, na wanke, na ɗauraye, na sa bula, na zubar. Duk ruwan ta rariya yake fita ya kwanta a layi, shuɗi-shuɗi da kumfa a kansa. Ba nawa kaɗai ba ne. Akwai mai wankin mota a bakin layi, akwai mai shagon abinci, akwai ruwan wankan kowane gida. Unguwar kuwa gangare ce, idan damina ta sauka layin taɓo yake zama, mai keke ba ya yarda ya shiga, sauro kamar a ɗiba da hannu. Amma ruwana ne mai launi, don haka shi ake gani. Duk wanda santsi ya kwashe, ƙofata yake harara.

'Yan gari suna zagin taɓo da sauro kamar babu masifar da ta fi su. Ina sauraronsu ina ƙyashinsu. In sun yi kewar nasu, sun san inda kabarin yake.

Bara waccan, gwamnati ta gina babban lambatu a bakin titi, mai kai ruwa har fadama. Jauro, wato mai unguwarmu, ya tara maza ya ce sauran aiki namu ne: mu gina ƙaramar kwata a layinmu ta haɗu da babbar, kowane gida ya sa bututu daga rariyarsa. Bayan an gama, duk wanda ruwansa ya kwanta a hanya duba-gari za su toshe rariyar su ci mai gidan tara. Aka naɗa kwamiti. Baba Ishaya, mutumin Numan, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, shi ne mai riƙe littafi. Akwai Alhaji Sanda. Aka kuma sa Malam Idi ya wakilci baƙi irinmu, domin yanzu shi ma mai gida ne a unguwar.

Daga baya na ji yadda aka kai ruwa rana a kan yadda za a yanka kuɗin. Alhaji Sanda ya ce a yi a kan ƙofa, kowace ƙofa kaso ɗaya. Shi kuwa ɗaki goma sha biyu ne a bayan tasa. Baba Ishaya, wanda daga shi sai matarsa a gida, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙofa ta yi wanka ba. Mai wankin mota ya ce a raba daidai, ai duk 'yan unguwa ne, aka yi masa dariya. Zama uku aka yi kafin a tsaya a kan kai: kowane mutum kaso ɗaya, ban da jariri mai shan nono. Kuɗi iri biyu ne, na haɗi da za a biya sau ɗaya don siminti da bututu da birkila, da na yasar kwata da za a riƙa biya duk wata. Wanda kuma sana'arsa ta ruwa ce, duk abin da ya hau kan gidansa a ninka.

Duk wannan ban sani ba a lokacin. Mata ba sa zuwa zaman. Talatu ta zo sau biyu don ta gaya mini, sau biyun na shige ɗaki na sa Hajara ta ce na tafi kai guga. A makon ne aka sa musu sabon ƙyauren ƙarfe mai koren fenti, kullum sai na wuce ta gabansa da kaya a kai. Ba na son ganinta.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Baba Ishaya ne da littafi a hammata, Malam Idi na biye da shi da biro. Inna tana zaune a tabarma bakin ƙofa tana jan carbi, ni hannuna duk kumfa. Bayan gaisuwa Baba Ishaya ya miƙa wa Malam Idi littafin ya ce, "Maman Hajara, ku nawa ne a nan?"

Mutum biyu, takarda da biro, da wannan tambayar. Harshena ya san amsarta kafin ni. Amma ba zan ɗora wa sabo duka laifin ba. Na dubi Malam Idi. Kumatunsa sun ciko, yana sanye da shadda mai aiki, furfura ta fara fito masa a gemu. Maigidana ya girme shi da shekara biyu, ban taɓa ganin furfurarsa ba. Na ce a raina, wannan ma an fid da rai da shi, ga shi tsaye a ƙofata da biro.

Na ce, "Biyar."

Biron ya tsaya. Malam Idi ya ce, "Maman Hajara, wannan fa ba irin na can ba ne."

"Biyar na ce, Malam."

Ya dubi Inna. Inna ba ta ɗago ba, carbinta yana tafiya. Ya sunkuyar da kai ya rubuta. Har suka wuce ina jin wani irin daɗi, kamar na ci shi a wata gardama.

Bayan kwana goma aka manna takarda a ƙofar Jauro. Hajara ta dawo daga makaranta ta karanto mini. Biyar, an ninka, kaso goma. Gidan Talatu, da yaran da suka ƙara haifa, su bakwai ne, ɗinki kuwa ba ya zubar da ruwa. Ita mai miji da gida da ƙyauren ƙarfe bakwai, ni goma.

Na zauna na auna. Kaso shida, wanda shi ne gaskiyar abin da ya hau kaina, in na ɗauki adashina na haɗa da kuɗin akuyata zan iya haɗin, na watan ma zan riƙa lallaɓawa. Goma kuwa babu ta inda za ta fito, kuma na yasa ba ya ƙarewa, duk wata zai cinye abin da ke kai Hajara makaranta. Da yamma Alhaji Sanda ya aiko a kira ni. Ya ce shi ba zai biya tara a kan ruwan bula ba. Ko na biya kafin birkiloli su iso ƙofata, ko na daina wanki, ko na ba shi wurinsa, dama akwai mai son buɗe kemis. Daina wanki da barin gidan abu ɗaya ne a wurina. Inna ta tsufa da sake ɗaukar ƙulli.

Birkiloli suka fara daga bakin titi. Kullum da safe ina leƙawa na ga inda suka kai.

Suna gida na shida Talatu ta shigo, ba ta jira an ce ina nan ba. Ta same ni ina guga. Ta zauna a kan jarka, ta kwance bakin zaninta, ta ajiye kuɗi a kan tabarma, ta ce na cika da su. Na ce ta ɗauke abinta. Ta ce to na je zaman gyara ran Lahadi bayan la'asar na ce kuskure aka yi. Na ce ban yi kuskure ba.

"Ke dai taurin kanki tun muna gida," in ji ta. "Sau biyu na zo, ina kallon takalminki a bakin ƙofa ana ce mini kin fita. Ko ba takalmi kike yawo yanzu?"

Na ce, "Ke ai naki ya dawo. Ba za ki gane ba."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ni na zaɓa, Maman Hajara? Shekara nawa ke nan in ya ba ni dariya sai na toshe baki don kada iska ta kawo miki. In zan zo wurinki sai na nemo laifinsa a hanya, don kada na zo miki da daɗi. Na gaji da jin kunyar mijina."

Na ci gaba da guga. Ta kwashe kuɗinta ta fita. Ban ji tausayinta ba, gaskiya nake rubutawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe har dariya yake ba ta.

Ran Lahadi na ce wa Inna zan kai guga. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar Jauro, ƙarƙashin darbejiya, masu ƙorafi sun zauna jere. Wani ya ce 'ya'yansa a kogi suke wanka, Jauro ya ce to in sun dawo daga Binuwai a ina suke wanke hannun tuwo? Mai wankin mota ya ce ƙurar motocin mutane yake wankewa, ba tasa ba, masu motar ya kamata su biya. Wani ɗan kasuwa ya ce a cire ƙannensa biyu, suna Legas, sai salla suke zuwa. Aka ce masa an riga an yanke wannan: matafiyi ana ƙirga shi, tunda zai dawo ya yi wanka. In ba haka ba rabin unguwar za su zama matafiya kafin magariba. Ana ta dariya. Ni daga nan na daina jin dariyar.

Da aka zo kaina na durƙusa daga gefe na gaishe su. Na ce an rubuta mini biyar, mu uku ne muke kwana a gidan. Alhaji Sanda ya ce da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini, in kowa zai canja magana ran Lahadi ba za a gama kwata ba. Ko kuwa wasu nake saukewa a gidansa bai sani ba? Jauro ya ɗaga masa hannu, ya juya ga Malam Idi ya ce ai mutuniyar garinsu ce. Malam Idi ya ce uku ya sani a gidan. Bai ƙara komai ba.

Baba Ishaya bai san labarina ba. Shekaru muna gaisawa, ina wanke masa rigunan zuwa coci, ban taɓa gaya masa ba. Ya gyara tabarau ya tambaye ni a hankali, kamar yadda ya tambayi kowa.

"'Yata, sauran biyun su wane ne?"

"Maigidana da ɗana."

"Tafiya suka yi?"

Na ce e.

"To kin ji yadda muka yi da mai ƙanne a Legas. In za su dawo, sai mu bar su a littafi. Za su dawo?"

Daga inda nake ina hango tulin yashi da bulo, saura gida biyu a iso ƙofata. A duk shekarun nan dangi sun kewaya maganar, malamai sun kewaya, ni kuma na toshe kunne. Babu wanda ya taɓa yi mini tambayar kai tsaye a gaban mutane yana jiran e ko a'a, sai wannan dattijon, a kan kwata.

Na ce, "Ba za su dawo ba."

Muryata ta fito daidai, ba ta yi rawa ba. Malam Idi ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Jauro ya sunkuya ya yi wa Baba Ishaya magana ƙasa-ƙasa. Baba Ishaya ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe bai mayar ba. Sannan ya ja layi a kan biyar ya rubuta uku. Jauro ya ce Allah ya ji ƙansu, mutane suka amsa da amin. Ranar ce ta farko da aka yi musu wannan addu'ar a gabana ban tashi na bar wurin ba.

Da aka watse na hango Talatu tsaye a bakin layi tana jira. Ba ni take jira ba. Mijinta ya iso, ta ce masa wani abu, suka kama hanya shi a gaba ita a baya. Na tsaya har suka shige gida sannan na wuce.

Washegari matar Baba Ishaya ta shigo tana jan bututu guda, ta ce ragowar na gidansu ne, yana tare musu wuri, na taimake su na karɓa. Ba ta zauna ba. Na sayar da akuya, na ɗauki adashi, na biya.

Ran Alhamis birkiloli suka fasa ƙasan rariyata suka sa bututun, suka shafe da siminti, suka ce kada na zuba ruwa sai Asabar. Ran Asabar na wanke zagayen farko, na ɗaga bahon na juye. Ruwan ya bi rariya, na ji shi yana gudu ƙarƙashin ƙasa. Na leƙa waje. Ƙofata a bushe.

Inna tana zaune a wurinta. Ban gaya mata komai ba, na kuma ja kunnen Hajara. Ta saurari ruwan har ya ƙare, sannan ta ce, "Na mutum nawa kika biya?"

Na ajiye bahon. Na ce, "Na uku, Inna."

Ta ja carbinta ƙwaya biyu ko uku. Ta ce ita tun muna Damare ta fara yi musu addu'ar mamata a cikin sallarta, a ɓoye, don ta ga ban shirya ba, ba ta so ta karya mini gwiwa. Ranar da na ce biyar ma ta ji, ƙyale ni ta yi. Ni kuwa duk shekarun nan gani nake ita nake lallaɓawa.

"Gobe in Allah ya kai mu," in ji ta, "ki shiga wurin Talatu, ki ce mijinta ya tambayo mana liman yadda ake takabar wanda ba a ga gawarsa ba. Shi ya san su, shi ya kamata ya je."

Na ce to. Sannan na jawo baho na biyu, domin kayan mutane ne, kuma da la'asar aka ce za a zo karɓa.